Ko Kun Sani?

Kartar Tarot, wadda a yau jama'a da dama a Turai da Amurka ke ɗauka kayan duba ce, asalinta abin wasa ne na fadawan Italiya, kuma alamominta guda huɗu daga daular Mamluk ta Masar aka aro su. Hujjar wannan magana tana nan ajiye a fadar Topkapi da ke Istanbul, inda masani Leo Mayer ya ci karo da wata tsohuwar karta ta Mamluk, ya bayyana ta ga duniya a 1939: kofuna da dinare da takubba da sandunan wasan folo, an ƙawata su da ruwan zinare da kyakkyawan rubutun Larabci, ba tare da surar ɗan Adam ko ɗaya ba, har sarki da na'ibinsa ma da sunansu kawai aka san su. Da irin wannan karta ta ƙetara zuwa Turai wajen 1370, sai mutanen can, da yake ba su san folo ba, suka mai da sandunan kulake. Sa'an nan wajen 1440 aka ƙara mata ganye 22 masu hotuna a arewacin Italiya, wanda daga baya ya sa adadinta ya tsaya a 78. Zancen duba kuwa bai yaɗu ba sai bayan 1781. Duk mai tara tsofaffin karta da ke neman haƙiƙanin tarihin, to ya nemi littafin Farfesa Michael Dummett na Oxford, The Game of Tarot, wanda aka buga a 1980.