Jirgin Ruwa A Cikin Kwali: Kasuwar Da Mai Saye Ke Biyan Kuɗi Don Ya Yi Aikin Da Kansa

Duk ɗan kasuwar da ke hulɗa da kayan waje ya san darajar jirgin ruwa, ko da kuwa bai taɓa ganin teku ba. Shinkafa, atamfa, taya da batir duk ta ruwa suke zuwa su sauka a Lome, Kwatano, Tema ko Legas, kafin manyan motoci su hauro da su zuwa kasuwanninmu na kan iyaka. To amma akwai wani irin jirgin da ake cinikinsa a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, wanda ba ya ɗaukar kaya, ba ya kuma shiga ruwa. A cikin kwali ake sayar da shi, a warwatse, mai saye ya kai gida ya shafe makonni ko watanni yana harhaɗawa, in ya gama ya ɗora a kan kanta yana kallo. Manyan mutane ne ke wannan aiki, magidanta da 'yan fansho, kuma da kuɗinsu suke sayen wahalar.

Idan aka buɗe kwalin, abin da za a tarar shi ne gutsattsarin roba manne a jikin wasu sanduna, kowane da lambarsa, sai takarda mai zanen da ke nuna wanne ke shiga wanne. Mai aikin zai yanko gutsure da 'yar wuƙa, ya goge bakinsa da sanfefa, ya ɗiga gam, ya manna, ya jira ya bushe. Waɗanda suka yi ƙanƙanta da yawa da hantsaki ake ɗaukarsu. Daga baya a bi da fenti. Akwai kuma na katako, inda ake jera siraran filanki ɗaya bayan ɗaya a jikin haƙarƙarin jirgin, kamar dai yadda maƙeran jirgi na gaske ke yi. Samfurin jirgin yaƙin Faransa mai suna Soleil Royal, wanda kamfanin Heller ke yi, yana da gutsattsari sama da 2,000, ban da zaren da ake ɗaurawa a madadin igiyoyi.

Abin da ya raba wannan da kayan wasan yara shi ne awo. A jikin kowane kwali za a ga lamba kamar 1/350 ko 1/700. Ma'anarta ita ce an rage komai na jirgin gaske sau 350 ko sau 700, tun daga tsawonsa har zuwa ƙofa da taga. Jirgin Titanic da ya nutse a 1912 tsawonsa mita 269 ne, don haka a awon 1/350 zai dawo kamar santimita 77, a awon 1/700 kuma santimita 38. Jirgin dakon kwantena Ever Given, wanda ya toshe mashigin Suwez na kwana shida a watan Maris na 2021 har kayan duniya suka tsaya cik, tsawonsa mita 400 ne. A awon 1/700 bai wuce santimita 57 ba.

Sha'awar ƙera ƙananan jirage ba yau ta fara ba. A 1920 masu tonon tarihi suka buɗe kabarin wani babban bafada mai suna Meketre kusa da Luksor a ƙasar Masar, suka tarar da ƙananan jirage na katako har da matuƙansu, waɗanda suka kai kimanin shekara 4,000. A Ingila kuwa, lokacin yaƙe-yaƙen da aka yi da Faransa tsakanin 1793 da 1815, fursunonin yaƙi Faransawa sun riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sassaƙa jirage da su, suna sayar wa mutanen gari a kasuwar bakin kurkuku. Har yau ana ajiye da wasu a gidajen tarihi. Sai dai duk waɗannan aikin gwanaye ne, kuma mai hali ne ke iya mallaka.

Wanda ya sauko da abin zuwa hannun talaka kamfanin Airfix ne na Ingila, kuma labarinsa na 'yan kasuwa ne tsantsa. Wani mutumin ƙasar Hangari mai suna Nicholas Kove ya kafa shi a 1939, kuma an san shi da yin matajin kai na roba. A 1949 aka ba shi kwangilar yin ƙaramin samfurin tarakta ƙirar Ferguson. Da farko ma'aikata ke harhaɗawa, daga baya aka ga kuɗin ƙwadago na cinye riba, sai aka fara sayarwa a warwatse tare da takardar bayani. Jama'a suka saya. A farkon shekarun 1950 kantunan Woolworths suka nemi a yi masu samfurin jirgin ruwan nan Golden Hind, amma da sharaɗin kada farashinsa ya wuce sule biyu, wato fataka guda. Kuɗin kwali kaɗai zai hana a kai wannan farashi, don haka Airfix ya zuba kayan a leda, ya liƙa takarda a bakinta, ya buga bayanin harhaɗawa a bayan takardar. Da wannan dabara yaron makaranta ya iya sayen jirgi da kuɗin kashewarsa. A Amurka ma kamfanin Revell ya fito da jirgin yaƙi USS Missouri a 1953, kasuwa ta buɗe.

Daga nan sai Japan ta shigo. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka ya fara ne a 1946 a matsayin wurin tsaga katako, sannan ya koma yin samfura na katako. Samfurinsa na roba na farko, a 1960, jirgin yaƙin Yamato ne, kuma bai yi kasuwa ba. Amma a 1971 kamfanoni huɗu na yankin, Tamiya da Aoshima da Hasegawa da Fujimi, suka yi abin da ba kasafai abokan gogayya ke yi ba. Sun amince da awo ɗaya, 1/700, sannan suka raba jiragen yaƙin Japan a tsakaninsu, wannan ya ɗauki waɗannan, wancan ya ɗauki waɗancan. Mai son tara jiragen gaba ɗaya dole ya saya a wurin kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Har yanzu a Shizuoka ake yin babban bajekolin wannan sana'a a watan Mayu.

A 'yan shekarun nan kamfanonin ƙasar Sin sun karɓi babban kaso. Kamfanin Trumpeter, wanda ke birnin Zhongshan a lardin Guangdong, lardin da fatakenmu ke zuwa saro kaya a Guangzhou, ya fito da Titanic a awon 1/200, tsawonsa ya haura mita ɗaya da santimita 30.

Mai karatu zai ce, to ina ribar take? Tsadar wannan sana'a tana cikin mazubin ƙarfe da ake tura narkakkiyar roba a ciki. Ƙera shi na cin kuɗi sosai, amma da zarar an yi shi, sai a yi ta zubi shekara da shekaru, shi ya sa wasu samfuran da aka fara yi tun shekarun 1960 suke cikin kasuwa har gobe. Kamfani ba ya biyan ladan harhaɗawa. Sannan yawancin kwalayen ba sa zuwa da gam ko fenti ko burushi, sai an saya daban, kuma wanda ya gama jirgi ɗaya yakan dawo neman na biyu. Duk da haka ba kasuwa ce marar haɗari ba. Airfix ya durƙushe a 1981, ya yi ta sauya hannu, har kamfanin Hornby ya saye shi a 2006.

Ɗan kasuwar da ya ci karo da irin waɗannan kwalaye a wajen saro kaya, ya kula da abu uku. Na farko, hoton da ke bayan kwali zane ne na jirgin da aka gama. Wanda ya saya da zaton abin wasa ne haɗaɗɗe zai dawo da shi da faɗa. Na biyu, robar ba ta jure zafi, in ta daɗe a rana ko a cikin mota rufe takan lanƙwashe, kuma gutsure ɗaya in ya ɓace ko ya karye, darajar kayan ta faɗi. Na uku, ƙananan gutsattsarin da gam ɗin ba na yara ƙanana ba ne, shi ya sa ake rubuta iyakar shekaru a jikin kwali. Kaya ne na mai neman sa, ba irin wanda ake bazawa a tebur ranar kasuwa a kwashe kafin la'asar ba.

Ita kanta sha'awar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yaron da ke fere karan dawa yana haɗa motar kara, ko mai lanƙwasa waya da gwangwani ya fitar da tirela har da tayoyinta, abin da ke ransa shi ne ke ran dattijon da ke zaune da hantsaki a Landan ko Tokiyo. Bambancin kawai shi ne can an samu waɗanda suka auna abin, suka zuba shi a leda, suka sa masa farashin da mai saye zai iya biya.