Idan mai kai saƙo ya yi haɗari, wa doka ke kamawa?

Ciniki ta waya ya sauya yadda kaya ke isa karkara. Mai shago a Tarai, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, kan yi odar atamfa daga Kantin Kwari da hantsi, ya sa ran ganinta kafin magariba. Daga Kano motar haya ce ke ɗauko kayan zuwa Rano, daga nan sai mai babur ya ƙarasa da su. Da yake yawancin masu kai saƙo ana biyansu ne gwargwadon yawan zuwan da suka yi, gudu ya zama jarinsu, haɗari kuma ya zama abokin tafiya.

Alhakin farko yana kan direba. Tuƙin ganganci laifi ne da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da 'yan sanda ke iya gurfanar da mutum a kansa. Amma hukunta direba daban, biyan wanda aka ji wa rauni daban.

A nan ne ubangida ke shigowa. Ƙa'idar kotunan Najeriya ita ce, idan ma'aikaci ya yi sakaci yana bakin aikinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ma yana da alhakin biyan diyya. Idan kuwa direban mai zaman kansa ne da aka yi jinga da shi, galibi nauyin a wuyansa yake tsayawa. Shi ya sa wasu kamfanoni ke kiran direbobinsu abokan hulɗa, ba ma'aikata ba. Sai dai kotu ba suna take dubawa ba. Tana duba wanda ya mallaki babur, da wanda ke tsara lokaci da hanya da lada. A kan irin wannan ma'auni ne kotun ƙolin Birtaniya ta yanke a 2021 cewa direbobin Uber na da haƙƙin ma'aikata. A Amurka kuwa, kamfanin Domino's ya janye alkawarinsa na kai abinci cikin minti 30 a 1993, bayan shari'ar wata mata da direbansa ya buge.

Sai batun inshora. Tun dokar 1945 aka wajabta wa masu ababen hawa inshorar da ke biyan wanda suka cutar a hanya. Daga Janairun 2023 kuɗinta ya koma naira 15,000 a shekara ga motar gida, naira 3,000 ga babur. Wannan inshora ba ta biyan direban kansa. Kariyarsa tana cikin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa ubangida zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF.

A shari'ar Musulunci, wadda kotunan jihar Kano ke aiki da ita, kisan kuskure ma yana wajabta diyya, sai fa idan magada sun yafe.

A karkara, akasari gaban mai gari ko shugabannin tasha ake sasantawa. Sulhu alheri ne, amma iyalin da suka yafe ba tare da sanin haƙƙinsu ba kan zauna da kuɗin asibiti su kaɗai. Rahoton 'yan sanda, takardar likita, lambar babur da sunan wanda ya aiko direban, su ne hujjojin da ya kamata a fara tattarawa kafin a zauna zaman sulhu.