Ƙasa Mai Numfashi: Ban Ruwa da Lulluɓi a Manyan Tukwanen Shuka

A watan Satumba na 1991, mutum takwas suka shiga wani katafaren gini na gilashi mai suna Biosphere 2 a jihar Arizona ta Amurka, aka rufe su tare da tsirrai da dabbobi da ƙasar noma. Zuwa farkon 1993, iskar oksijin ta ragu daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kusan 14, har sai da aka tura musu wata daga waje. Bincike ya nuna cewa ƙwayoyin halittar da ke cikin wannan ƙasa mai yawan taki su ne suka shaƙe ta. Wato dai ƙasa tana numfashi, kuma duk mai shuka a cikin ɗaki wajibi ne ya riƙe wannan.

Cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai kyau yana iya ɗaukar ƙwayoyin bakteriya miliyoyi ɗaruruwa, ban da naman gwari da tana. Su ke ruɓar da ganye su mai da shi abincin tsiro. Kimanin rabin irin wannan ƙasa ƙofofi ne, waɗanda ruwa da iska suke rabawa. Idan ruwa ya yi yawa ya cike su, sai iska ta fita, saiwa ta ruɓe, tukunya ta soma ɗoyi. Idan kuwa ƙasar ta bushe ƙarmas, ƙwayoyin halittar su daina aiki, ruwan da aka zuba daga baya kuma ya zurare ta gefe bai jiƙa tsakiya ba.

To, yaya za a yi? Babbar tukunya takan bushe a sama alhali cikinta da danshi. Saboda haka a tona, a damƙi ƙasa a matse. In ta dunƙule ba ta ɗiga ba, danshinta ya yi daidai. Masu wannan sana'a sukan fara da lita 5 zuwa 10 ga tukunya mai cin lita 100, ana yayyafawa sannu a hankali, ana dakatawa ruwan ya nutse. Lalle gindin tukunya ya kasance da huji, domin a ɗaki babu ruwan sama da zai wanke gishirin da ke taruwa.

Sai kuma lulluɓi. A shimfiɗa tattakar shinkafa ko ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye mai kaurin santimita 5 a kan ƙasar. Wannan yana rage tashin danshi, musamman lokacin hunturu, yana hana saman ƙasa yin ɓawo, kuma yana ciyar da halittun da ke ƙarƙashinsa. Amma kada ya taɓa karan tsiro, don kada ya ruɓe. Garin katako kuwa kada a cuɗa shi cikin ƙasa, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da shi za su janye naitirojin daga tsiro, ganye ya yi rawaya.

Malamai da ɗalibai na iya gwada wannan a aji. A cika bokiti biyu da ƙasa iri ɗaya, a ba su ruwa daidai, a lulluɓe ɗaya a bar ɗaya. A riƙa auna nauyinsu kowace safiya har mako guda. Bambancin nauyin da kowane bokiti ya rasa shi ne ruwan da lulluɓi ya tsare.