Abincin Dare a Ƙasar Noman Rani

Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara ratsa gonakin Kadawa a shekarun 1970, aiki a Kura da Bunkure ya daina ƙarewa da faɗuwar rana. Mai ban-ruwa kan yi dare a gona, direban da ya yi lodin tumatir a Kwanar Gafan kuwa ina shi ina tuwon gida? Su ke raya teburin mai shayi da tukubar mai tsire, kamar yadda direbobin Indiya da Pakistan ke raya rumfunan dhaba masu sayar da gurasa da shayi da araha. Masu kukan rashin tsabta a wurin mai shayi da mai tsire suna da gaskiya, amma korar masu sana'ar ba za ta haifar da komai ba sai yunwa. A samar musu ruwa da fitila, duba-gari ya riƙa leƙawa.