Addu'o'in Yahudawa Da Abin Da Suke Koya Mana

Kullum a ɗakin cin abinci mukan sunkuyar da kai mu yi addu'a, amma sau da yawa baki ne kawai ke motsi, hankali yana kan tuwo. Bari mu dubi yadda Yahudawa suke addu'a, gama a cikinsu aka haifi Ubangijinmu Yesu.

Babbar addu'arsu ita ce Shema, wato "ji" da Ibrananci. An ɗauko ta daga Maimaitawar Shari'a sura 6 da 11, da Littafin Ƙidaya sura 15, ana kuwa karanta ta safe da dare. Tana shaida cewa Allah ɗaya ne, a ƙaunace shi da zuciya ɗaya. Sa'ad da wani malamin Attaura ya tambayi Yesu doka mafi girma, da ita ya amsa, kamar yadda muke karantawa a Markus sura 12.

Ta biyu ita ce Amida, wato "tsayuwa". Ana yin ta a tsaye sau uku a rana, ana fuskantar Urushalima. Tana da sassa 19 a ranakun aiki, 7 kuma ran Asabar. Bayan da Romawa suka rushe Haikali a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, malamansu suka tsara ta domin ta tsaya a madadin hadayu.

Akwai kuma Kadish, wadda mai makoki ke yi da harshen Aramiya, har wata 11 in iyaye ne suka rasu. Abin mamaki, ba a ambaci mutuwa a cikinta ba. Girmama sunan Allah ne daga farko har ƙarshe.

Sai gajerun addu'o'in da ake kira beraka. Wannan kalma tushenta ɗaya da "albarka" da muka aro daga Larabci. Akwai ta gurasa, ta ruwan inabi, ta tsawa, ta bakan gizo, har da ta fitowa daga ban ɗaki, don godiya cewa jiki yana aiki daidai. Wani malaminsu na ƙarni na 2, Rabbi Meyir, ya koyar cewa mutum ya yi guda 100 kowace rana. Mu lura, ba gurasar ake sa wa albarka ba, Mai bayarwa ake yabo.

Ya ku ɗalibai, wanda zai gode sau 100 dole ya buɗe ido ya ga alheri 100. Mu fara da kwanon tuwon da ke gabanmu.