Karanta Min Shi Da Ƙarfi

Zuri'armu tana da dandalin WhatsApp da muka buɗe don sanarwar suna, ɗaurin aure da rasuwa. Ranar 23 ga Mayu 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta maido da Sarki Muhammadu Sanusi II, dandalin ya koma fagen dambe. Da Sarki Aminu Ado Bayero ya sauka gidan Nassarawa kuwa, sai abin ya ƙazanta. Yayana da ɗan kawunmu, waɗanda suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya a zauren kakanmu da ke Mandawari, suka kai ga gorin asali, alhali kakansu ɗaya.

Ni ma na tsoma baki, na rubuta magana mai zafi. Washegari bayan la'asar Kawu ya aiko yaro ya kira ni. Na same shi kan buzunsa da carbi a hannu, dattawa biyu na gefensa. Ya ce, "Zauna. Abin da ka rubuta jiya, karanta min shi da ƙarfi." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri." Ya ce, "Karanta." Na buɗe wayar, na kai kalma ta huɗu, harshena ya yi nauyi. Ya ce, "To, abin da bakinka ya ji kunyarsa, me ya sa yatsanka bai ji ba?"

Tun ranar nake auna duk abin da zan wallafa da zauren nan. In ba zan iya faɗarsa a gaban Kawu ba, sai in goge.

Kano ta saba da sojojin baka a gidajen rediyo, amma can akwai mai gabatarwa da zai katse mutum, kuma shirin yana ƙarewa. A waya kai ne mai gabatarwar kanka. Facebook da TikTok suna ƙara tura wa jama'a abin da ya fi jan tsokaci, kuma ba abin da ke jan tsokaci kamar fushi. Ko raddi ka shiga yi a ƙarƙashin zagi, itace ka ƙara wa wutar. Binciken BBC ya nuna yadda, a Filato a watan Yunin 2018, hotunan da ba na can ba suka bazu a Facebook suka rura rikicin da aka rasa rayuka. Kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019, amma ba zai iya riƙe maka yatsa ba.

Kafin ka tura murya ko hoto, tambayi kanka: wa ya faɗa, yaushe, a ina? Umarnin bin diddigin labari yana nan a Suratul Hujurat tun kafin a san waya. In ɗan'uwa ya yi kuskure, kira shi ku yi magana, domin gyara a bainar jama'a tozarci ne, taurin kai yake haifarwa. In mutum ɗaya ya yi laifi, kama sunan laifin, kada ka yi wa 'yan jar hula ko 'yan Gandujiyya, 'yan Izala ko 'yan Ɗarika kuɗin goro. In ranka ya ɓaci, ajiye wayar, yi alwala, bari maganar ta kwana.

Wata biyar Yayana da ɗan Kawu ba sa ga maciji. Da Gwaggo ta rasu, a dandalin nan aka sanar. Na gan su a maƙabartar Dandolo, ɗaya a cikin kabari, ɗaya yana miƙa masa tukwane, duk sun yi buɗu-buɗu da ƙasa. A cikin birni, wanda ka zaga da dare shi ne zai kama maka makara da safe. Ka rubuta masa abin da ba zai hana ku haɗa ido a ranar ba.