Kifayen Ado A Falo: Yadda Ake Zuba Bakteriya Masu Amfani Bayan An Sauya Tanki

Uwargida ta saba jin sunan bakteriya ne a asibiti, lokacin da yaro ke gudawa ko ciwon kunne. Mu ma'aikatan jinya kuwa rabin aikinmu yaƙi da su ne: wanke hannu, tafasa kayan aiki, ba da magani a kan lokaci. Amma akwai inda ake sayen bakteriya a kwalba da kuɗi masu kauri, a riƙa lallaɓa su kamar jinjiri. Wurin shi ne tankin gilashin da ake kiwon kifayen teku da murjani a cikin gida.

Wannan sha'awa tana da ƙarfi a Amurka da Turai. Idan akwai irin wannan tanki a gidanki, ko maigida na shirin sayen wanda ya fi na da girma, ko kuma tarwada kike kiwo a bayan gida, darasin duk ɗaya ne. Mafi haɗarin lokaci ga kifi shi ne makonnin farko a sabon mazauni.

Me ke kashe kifi a ruwa mai haske?

Kifi na fitar da sinadarin amoniya ta matsantsarsa, wato sashen da yake numfashi da shi. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma amoniya suke komawa. A cikin teku ruwa ya yi yawan da abin ba ya taruwa. A tankin lita 200 kuwa babu inda zai je. Amoniya na ƙona matsantsar kifi, sai ki gan shi yana haki a saman ruwa, ya ƙi abinci, ya laɓe a lungu. Ruwan kuma yana nan garau, domin ido ba ya ganin amoniya.

Ruwan gishiri ya fi na rafi haɗari ta wannan fuska. Ana riƙe ma'aunin pH ɗinsa tsakanin 8.1 da 8.4, kuma duk sa'ad da pH ya hau ko zafi ya ƙaru, kason amoniya mai dafi yana ƙaruwa.

Masu ceton kifin ƙwayoyi ne rukuni biyu. Na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya sinadarin naitirayit. Na biyu, irin su Nitrospira, suna mayar da naitirayit zuwa naitiret, wanda dafinsa kaɗan ne, kuma ana rage shi ta hanyar sauya wani kaso na ruwan lokaci zuwa lokaci. Masanin nan Sergei Winogradsky ne ya fara bayyana aikin waɗannan ƙwayoyi wajen shekarar 1890. Matsalarsu ita ce nawa. Wasu bakteriyan da ke sa cuta kan ninka kansu cikin minti 20, su kuwa waɗannan sai sun shafe sa'o'i masu yawa. Shi ya sa sabon tanki kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna, idan an bar shi da kansa.

Dukiyarki na jikin dutse, ba a ruwa take ba

Mutane da yawa kan wahala wajen kwashe tsohon ruwa zuwa sabon tanki, suna zaton a ciki ƙwayoyin suke. A gaskiya mafi yawansu maƙale suke a jikin duwatsu da yashi da soson matatar ruwa. Saboda haka ranar sauyi, waɗannan ne abin tattali.

Ki ajiye tsofaffin duwatsun a cikin bokitin ruwan tankin, kada su bushe ko na ɗan lokaci. Soson matata kuma kada ruwan famfo ya taɓa shi, domin sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan sha aikinsa ke nan, kashe ƙwayoyi. A girgiza shi kawai a cikin tsohon ruwan tanki. Tsohon yashi mai kauri shi ne ake taka-tsantsan da shi. Ƙasansa cike yake da dattin shekaru, kuma motsa shi kan tayar da amoniya lokaci guda. Masu kiwo da yawa kan sa sabon yashi, su ɗebo kofi ɗaya ko biyu daga saman tsohon su barbaɗa a kai, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara don ta kama.

Idan duk duwatsun sun ƙaura lafiya kuma yawan kifin bai ƙaru ba, sau da yawa ƙwayoyin da suka zo sun isa. Kwalbar bakteriya tana da amfani ne idan an ƙara busassun duwatsu masu yawa, ko an jefar da tsohon yashi, ko aikin ya ja har duwatsu suka daɗe a waje.

Yadda ake zubawa

Kwalaben ba iri ɗaya ba ne. Wasu, kamar DrTim's One & Only da Fritz TurboStart 900, ƙwayoyin cin amoniya ne masu rai, kuma na biyun a firji ake ajiye shi. Wasu kuma haɗin ƙwayoyi ne daban-daban, har da masu cin datti. Ki tabbata wanda kika saya na ruwan gishiri ne ko an rubuta ya dace da shi, ki duba ranar lalacewarsa. Kwalbar da ta kwana cikin mota a rana, ko ta daskare a firiza, ƙila abin da ke ciki ya riga ya mutu.

Awo kuwa bin takarda ne, kamar maganin yaro. Misali, takardar Seachem Stability ta ce mililita 5 ga kowace lita 40 a ranar farko, sannan mililita 5 ga kowace lita 80 kullum har kwana 7. Ga ruwa lita 200, mililita 25 ke nan ranar farko, sai 12.5 a kwanakin da ke biye. Ki tuna duwatsu da yashi sun cinye wuri, don haka ruwan da ke ciki bai kai abin da aka rubuta a jikin tankin ba. Sirinji marar allura ya fi murfin kwalba daidai. Ki ware shi don wannan aiki kaɗai, ki yi masa alama.

A girgiza kwalbar sosai, a zuba kusa da duwatsu ko cikin matata. A kashe fitilar da ke kashe ƙwayoyi da na'urar kwashe kumfa na tsawon lokacin da takardar ta faɗa, in ba haka ba za su kwashe abin da kika saya. Famfunan da ke motsa ruwa kuwa kada a kashe su, domin waɗannan ƙwayoyi ba sa aiki sai da iskar oksijin.

 Idan ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, ƙwayoyin cin datti ne suka yi yawa, kuma suna rige-rigen iska da kifin, musamman da dare. A dakatar da zubawa, a ƙara motsin saman ruwa, a rage abinci.

Abin da zai faɗa miki gaskiya shi ne kayan awon ruwa. Ki auna amoniya da naitirayit kullum a mako biyun farko, ki rubuta a littafi. Burin shi ne duka biyun su tsaya a sifiri, naitiret ya fara bayyana. Idan amoniya ta nuna kai alhali akwai kifi a ciki, a sauya wani kaso na ruwan da sabon haɗi mai gishiri da zafi iri ɗaya. Sabon kifi ya jira sai awo ya zauna a sifiri, sannan a riƙa ƙarawa ɗaya-ɗaya. Kada kuma a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a babban tanki. Kifi marar lafiya a ware shi a ƙaramin tanki.

A ƙasashenmu akwai ƙarin abu biyu: wuta da zafi. Tankin murjani na son zafi tsakanin digiri 24 da 26, ga shi a Kano ko Sakkwato watan Afrilu kan kai 40. Idan an ɗauke wuta ruwa ya tsaya, iska na ƙarewa cikin sa'o'i. Duk mai niyyar wannan kiwo ya fara da inbata ko sola, da ƙaramin famfon iska mai batir, kafin ya sayi kifi ko ɗaya. Masu tarwada ma amoniyar nan ce ke sa musu wari da mace-mace idan abinci ya yi yawa ko sauya ruwa ya yi jinkiri.

Lafiyar 'yan gida

A nan ne aikina ya shigo. Ruwan tanki na iya ɗauke da ƙwayar Mycobacterium marinum, 'yar'uwar mai jawo tarin fuka. Tana shiga ta yanka ko ƙujewa, bayan makonni sai ƙurji ya fito a hannu ya ƙi warkewa, maganinsa kuma kan ɗauki watanni. Duk mai irin wannan ƙurji ya gaya wa likita cewa akwai tankin kifi a gida. Mai ciwon suga ko raunin garkuwar jiki ya fi kowa bukatar safar hannu.

Na biyu ya fi tsanani. Wasu murjanai masu taushi, irin su Palythoa, na ɗauke da dafin palitoksin. A 2015 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton mutanen da suka kamu da ciwo a jihar Alaska bayan shaƙar wannan dafi a gidaje da shagunan kifi. Alamunsa sun haɗa da tari, zazzaɓi, ciwon jiki da wahalar numfashi. Don haka kada a tafasa dutsen tanki, kada a zuba masa ruwan zafi, kada a kankare shi a rufaffen ɗaki. Ranar sauyi a buɗe tagogi, a sa safar hannu da tabarau, a kai yara wani ɗaki. Idan wani ya fara haki bayan aikin, a fita da kowa waje, a tafi asibiti nan take, a faɗi abin da aka taɓa.

Kwalaben bakteriya da ruwan awo su zauna a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Na firji a sa shi cikin roba mai murfi, nesa da maganin yara. Bokitin ruwa kuma kada a bar shi buɗe inda mai rarrafe yake, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka jariri.

Aikin da ya dace da yara shi ne na littafi. Ɗan shekara takwas zai iya kwatanta launin awo da takarda, ya rubuta lambar ranar, ya ga yadda amoniya ke sauka naitiret na hawa. Idan kina da tanki ko kina kiwon tarwada, ki faɗa mana a ƙasa yadda kike yi da ruwanki idan an ɗauke wuta, sauran iyaye mata su ƙaru.